Sauya Maganin Ciwon Damuwa: Dalilai, Hanyoyi Da Illolin Da Ake Aunawa

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da ciwon damuwa a faɗin duniya, bisa alƙaluman shekarar 2019. Wannan ciwo ya wuce ɓacin ran kwana ɗaya ko biyu. Likitoci kan tabbatar da shi ne idan mutum ya shafe aƙalla mako biyu cikin ƙuncin zuciya, ya daina jin daɗin abubuwan da a da suke faranta masa rai, barcinsa da cin abincinsa suka rikice, kasala ta rufe shi, a wasu lokutan ma har ya riƙa jin gara mutuwa da rayuwa.

Ciwon yana da magani. Sai dai ba kowa ne ke dacewa da maganin farko da aka ɗora shi a kai ba. Wani zai sha na tsawon makonni bai ga sauƙi ba, wani kuma zai samu sauƙi amma illolin maganin su dame shi. A nan ne wasu ke ajiye maganin ba tare da sanar da likita ba, ko su nufi kemis su sayi wanda ya yi wa wani ɗan'uwa amfani. Duka biyun suna da haɗari. Sauya magani abu ne da aka saba yi a asibiti, amma yana da ƙa'idoji, kuma kowane magani da irin tasa hanyar barin jiki.

Rukunan magungunan

An gano magungunan farko na ciwon damuwa ne a shekarun 1950. Likitoci sun lura cewa iproniazid, wanda aka samar don masu tarin fuka, yana sa majinyata walwala. A 1957 kuma likitan ƙwaƙwalwa Roland Kuhn na ƙasar Siwizalan ya bayyana amfanin imipramine. Daga waɗannan biyu aka samu tsofaffin rukunai guda biyu: rukunin MAOI, wanda a yau ba kasafai ake ba da shi ba, da rukunin TCA, wanda amitriptyline da imipramine da clomipramine ke cikinsa.

A ƙarshen 1987 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da fluoxetine, wanda ya yi suna da laƙabin Prozac. Shi ne ya fito da rukunin SSRI fili, rukunin da ya haɗa da sertraline, citalopram, escitalopram da paroxetine. Aikinsu shi ne ƙara yawan sinadarin sirotonin a tsakanin ƙwayoyin halittar ƙwaƙwalwa. Bayansu akwai rukunin SNRI, irin su venlafaxine da duloxetine, masu aiki a kan sirotonin da wani sinadarin mai suna noradiranalin. Sai kuma waɗanda ke zaman kansu, kamar mirtazapine, bupropion da agomelatine.

Amitriptyline da fluoxetine suna cikin jerin muhimman magunguna na WHO, kuma su ne hukumar ta ambata a kundinta na mhGAP na 2016, wanda aka tsara domin ma'aikatan lafiya da ba ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa ba.

Me ya sa ake sauyawa?

Dalili na farko shi ne rashin samun sauƙi. Wani babban bincike mai suna STAR*D, wanda aka gudanar a Amurka a kan majinyata kusan 4,000 aka kuma wallafa sakamakonsa a 2006, ya nuna cewa kusan ɗaya bisa uku ne kawai suka warware da maganin farko, wato citalopram. Daga cikin waɗanda aka mayar kan sertraline ko bupropion ko venlafaxine a zagaye na biyu, kimanin ɗaya cikin huɗu sun warware, kuma babu wani bambanci na a zo a gani tsakanin magungunan uku. Darasin da ke nan shi ne, gazawar maganin farko ba ta nufin ciwon ya gagara.

Dalili na biyu shi ne illar da majinyaci ba zai iya jurewa ba. Na uku kuma sauyin yanayi ne: samun juna biyu, bayyanar ciwon zuciya ko hawan jini, fara shan wani magani da bai jitu da na farko ba, tsadar magani, ko ƙarancinsa a kasuwa.

A 2018 mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa wani nazari da Andrea Cipriani ya jagoranta, wanda ya tattara gwaje-gwaje 522 a kan magunguna 21 da mutum fiye da 116,000. An gano cewa dukansu sun fi ƙwayar da ba ta ɗauke da magani tasiri, amma tazarar da ke tsakanin junansu ba ta da yawa. Wannan ne ya sa zaɓin magani ya fi dogara a kan illolinsa da yanayin mai shan sa, fiye da neman wanda ya fi kowanne ƙarfi.

Abin da ake dubawa kafin a sauya

Waɗannan magunguna ba sa aiki nan take. Akan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin sauyi, alhali illolinsu kan bayyana tun kwanakin farko. Wannan saɓani ne ke sa mutane da dama yanke ƙauna da wuri. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ba da shawarar a sake nazari idan an yi mako huɗu babu wani sauƙi ko kaɗan.

Kafin ya yanke shawara, likita kan tambaya ko ana shan maganin kullum a kan lokaci, da ko adadin da ake sha ya kai wanda zai yi aiki. Wani lokacin ƙara adadi ake buƙata, ba sauyi ba. Yakan kuma bincika ko akwai wata larurar da ke kama da ciwon damuwa ko take ƙara rura shi, kamar ƙarancin jini, raunin aikin ƙullutun maƙogwaro da ake kira tayirod, shan giya ko miyagun ƙwayoyi, ko matsalar gida da har yanzu ba a warware ba.

Wata tambaya mai muhimmanci ita ce ko majinyacin ya taɓa shiga yanayin zumuɗi mai tsanani, inda ya kwana da yawa ba ya buƙatar barci, yana yawan surutu da kashe kuɗi barkatai. Mai irin wannan larura, wadda ke jujjuya mutum tsakanin ƙunci da zumuɗi, maganin damuwa shi kaɗai na iya tayar masa da ita, don haka jinyarsa daban ce.

Illolin da ake aunawa

Magungunan SSRI kan haddasa tashin zuciya, ciwon kai, gudawa, rashin barci da rashin natsuwa a makon farko ko na biyu, kuma galibi waɗannan kan lafa da kansu. Wadda ba ta cika lafawa ba ita ce matsalar auratayya: raguwar sha'awa da jinkirin inzali ko rashinsa, ga maza da mata. Kunya kan hana majinyata faɗa, sai su daina shan maganin a ɓoye. A 2019 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta buƙaci a rubuta a takardun magungunan SSRI da SNRI cewa matsalar na iya ɗorewa ga wasu ko bayan an daina sha. Wasu kuma kan yi kuka da cewa zuciyarsu ta dusashe, ba sa jin baƙin ciki, ba sa kuma jin farin ciki.

A cikin rukunin ma akwai bambanci. Fluoxetine ya fi hana barci, shi ya sa ake shan sa da safe. Sertraline ya fi sa gudawa, amma likitoci kan fifita shi ga masu ciwon zuciya. Paroxetine ya fi ƙara ƙiba da taɓa sha'awa. Citalopram na iya rikita bugun zuciya idan adadinsa ya yi yawa, dalilin da ya sa FDA ta taƙaita shi a miligiram 40 a rana a 2011, daga baya kuma ta ce waɗanda suka haura shekara 60 kada su wuce miligiram 20.

Amitriptyline yana da tasiri, yana da araha, yana taimaka wa barci, ana kuma ba da ɗan kaɗan daga cikinsa don ciwon jijiyoyi. Amma yana busar da baki, yana sa taurin bayan gida, dishi-dishin gani, jiri idan an miƙe tsaye, gyangyaɗi da ƙarin ƙiba. Yana iya riƙe fitsari ga dattawa masu kumburin furostet, yana iya tsananta wani nau'in hawan jinin ido, kuma bai dace da wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ba. Shan sa fiye da ƙima na iya kisa, saboda haka ba a tara wa mai tunanin halaka kansa shi da yawa, kuma wajibi ne a nisanta shi daga yara.

Venlafaxine na iya ɗaga hawan jini da sa yawan gumi, don haka ana auna jinin mai shan sa a kai a kai. Duloxetine na taimaka wa masu ciwon sukari da ke fama da zafin jijiyoyin ƙafa, amma ba a ba mai ciwon hanta. Mirtazapine yana kawo barci da buɗe ciki: alheri ne ga wanda ya rame ba ya runtsawa, matsala ce ga mai ƙiba ko ciwon sukari. Bupropion ba ya cika taɓa sha'awa ko ƙara ƙiba, amma an hana shi ga mai farfaɗiya. Agomelatine kuma yana buƙatar gwajin hanta lokaci zuwa lokaci.

Ke nan illar da ke zama masifa ga wani, ga wani ita ce biyan buƙata. Direban babbar mota ba zai iya da maganin da ke sa gyangyaɗi ba. Sabon ango da amarya ba za su ɗauki raguwar sha'awa da wasa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, don haka bayanin majinyaci game da aikinsa da rayuwarsa shi ne rabin shawarar likita. A wasu lokutan ma ba sai an sauya ba: shan magani bayan cin abinci, mayar da shi dare ko safiya, ko rage adadinsa kaɗan kan wadatar.

Hanyoyi huɗu na sauyawa

Hanya ta farko ita ce sauyi kai tsaye: a daina tsohon magani yau, a fara sabon gobe. An fi yin haka tsakanin magungunan da aikinsu ya yi kama, kamar daga sertraline zuwa escitalopram.

Ta biyu ita ce a riƙa rage tsohon ana ƙara sabon a lokaci guda, na tsawon mako ɗaya zuwa huɗu. Ana bin ta tsakanin magungunan da aikinsu ya bambanta, misali daga SSRI zuwa mirtazapine.

Ta uku, a rage tsohon sannu a hankali har ya ƙare, sannan a fara sabon washegari da ɗan ƙaramin adadi.

Ta huɗu, a rage, a daina, a kuma bar tazarar kwanaki ko makonni domin jiki ya fitar da ragowar tsohon kafin a fara sabon. Ita ce ta fi kariya daga karon magunguna, amma tana barin majinyaci babu magani na ɗan lokaci, saboda haka tana buƙatar sa ido sosai.

Abin da ke tantance hanyar da za a bi shi ne tsawon zaman magani a jiki. Rabin venlafaxine kan fita daga jini cikin kimanin awa biyar, rabin paroxetine kuma cikin kusan kwana ɗaya. Fluoxetine kuwa kan ɗauki kwana huɗu zuwa shida, sinadarin da hanta ke mayar da shi kuma ya fi haka daɗewa, ta yadda makonni bayan ƙwayar ƙarshe yana nan yana aiki. Shi ya sa ake jiran aƙalla mako biyar bayan fluoxetine kafin a fara maganin MAOI, ake kuma jiran mako biyu bayan tsofaffin magungunan MAOI kafin a fara wani. Haka nan fluoxetine da paroxetine suna rage saurin yadda hanta ke sarrafa amitriptyline, wanda hakan kan sa ya taru a jini fiye da yadda aka nufa.

Haɗarin yankewa farat ɗaya

Jikin da ya saba da magani na makonni ko watanni kan nuna alamu idan aka yanke masa shi kwatsam. Daga ciki akwai jiri, tashin zuciya, ciwon jiki kamar na mura, munanan mafarkai, saurin fushi, yawan kuka, da wani abu mai kama da jan lantarki a cikin kai. Paroxetine da venlafaxine sun fi yin suna a wannan fanni, fluoxetine kuma ya fi sauƙi saboda a hankali yake fita.

Wani nazari da mujallar Lancet Psychiatry ta wallafa a 2024, wanda ya haɗa bincike 79 da mutum kusan 21,000, ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 15 cikin ɗari na masu daina magani kan samu alamun da maganin ne ya jawo su kai tsaye, yayin da kusan mutum ɗaya cikin 35 ke samun masu tsanani. A ƙa'idojinta na 2022, NICE ta ce a riƙa ragewa mataki-mataki, ana ƙanƙanta ragin yayin da adadin ke yin ƙasa, kuma ga wasu hakan kan ɗauki watanni. Sannu ba ta hana zuwa.

Ana yawan rikita waɗannan alamu da dawowar ciwon. Bambancin shi ne, alamun yankewa kan zo cikin 'yan kwanaki, tare da jiri da sauran alamun jiki, kuma sukan gushe da sauri idan aka koma kan maganin. Dawowar ciwo kuwa kan lallaɓo ne cikin makonni. Haka kuma alamun ba sa nufin mutum ya zama ɗan ƙwaya: maganin damuwa ba ya sa maye, ba ya sa ƙishirwar ƙari irin ta tramadol ko kodin.

Karon magunguna

Idan magunguna biyu masu ƙara sirotonin suka haɗu a jiki, sinadarin na iya yin yawa har ya zama guba. Alamunsa su ne karkarwa, fizgar tsoka, gumi, zazzaɓi, gudawa, saurin bugun zuciya da rikicewar tunani, kuma sukan bayyana cikin 'yan sa'o'i. Wannan larura ce ta gaggawa da ke buƙatar asibiti nan take. Lokacin sauya magani na daga cikin lokutan da aka fi fuskantar ta.

Tramadol, wanda shan sa ba bisa ƙa'ida ba ya zama ruwan dare a Najeriya, yana cikin masu haddasa wannan, yana kuma ƙara yiwuwar farfaɗiya idan ya haɗu da maganin damuwa. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen, diclofenac da asfirin na ƙara haɗarin zubar jini a ciki ga mai shan SSRI, musamman mai gyambon ciki. Takardar maganin zazzaɓin cizon sauro na artemether da lumefantrine ta yi gargaɗi a kan haɗa shi da amitriptyline, imipramine da clomipramine, da ma magungunan da ke iya rikita bugun zuciya, waɗanda citalopram ke cikinsu. Rifampicin na masu tarin fuka kuma kan rage ƙarfin wasu magungunan damuwa. Saboda haka wajibi ne majinyaci ya faɗa wa duk likitan da ya gani da mai harhaɗa magunguna abin da yake sha, har da na gargajiya.

Masu buƙatar kulawa ta musamman

A 2004 FDA ta sanya gargaɗi mafi ƙarfi a kan magungunan damuwa cewa suna iya ƙara tunanin kashe kai ga yara da matasa a farkon jinya, a 2007 kuma ta faɗaɗa shi zuwa masu shekara 24. Makonnin farko na fara magani, sauya shi, ko sauya adadinsa su ne lokacin da ya kamata iyali su fi sa ido. Duk wanda ya fara maganar mutuwa ko ya kasa zama wuri ɗaya, a kai shi asibiti a ranar.

Matar da ta samu juna biyu tana kan magani kada ta daina da kanta, domin ciwon damuwar da ba a kula da shi ba yana cutar da uwa da jariri. Likitoci kan kauce wa paroxetine a watanni ukun farko saboda an danganta shi da ƙarin haɗarin matsalar zuciya ga jariri, kuma sertraline na cikin waɗanda ake fifitawa ga mai shayarwa.

Ga tsofaffi, magungunan SSRI na iya rage gishirin jini, wanda kan bayyana da kasala, rikicewa ko faɗuwa, musamman ga masu shan maganin hawan jini mai sa fitsari. Masu azumi kuma, yawancin waɗannan magunguna sau ɗaya ake sha a rana, don haka ana iya mayar da su lokacin sahur ko bayan buɗa baki da shawarar likita, maimakon a ajiye su wata guda. Ya fi kyau a tsara duk wani sauyi kafin watan ya kama.

Bayan an sauya

Sabon magani ma yana buƙatar nasa makonnin kafin a yi masa hukunci. Rubuta yadda barci, cin abinci, nauyin jiki da yanayin zuciya ke tafiya a kullum yana taimaka wa likita ya ga abin da ke faruwa. Idan an samu sauƙi, NICE ta ce a ci gaba da sha aƙalla wata shida, kundin mhGAP na 2016 kuma ya ce wata tara zuwa goma sha biyu, domin dainawa da wuri na dawo da ciwon. Idan magunguna biyu sun gaza duk da an sha su yadda ya kamata, akan tura majinyaci ga ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa, wanda zai iya haɗa magunguna ko bin wata hanyar. Zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan'adam magani ne shi ma, kuma haɗa shi da ƙwayoyi ya fi amfani ga masu ciwo mai tsanani.

A Najeriya akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba da ke Legas, Aro a Abeokuta, Binin, Inugu, Kalaba, Barnawa a Kaduna, Kware a Jihar Sakkwato da kuma Maiduguri, ban da sassan lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu, wadda aka sanar a watan Janairun 2023 ta kuma maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin majinyaci na sanin jinyar da ake yi masa da sa baki a cikinta. Magungunan damuwa na cikin waɗanda ba a sayarwa sai da takardar likita, kuma ya kamata mai saye ya duba lambar rajistar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali. Wanda maganinsa ya dame shi ko bai yi masa aiki ba, abin da ya dace shi ne ya koma wurin wanda ya rubuta masa, da kwalin a hannu, ya faɗi abin da yake ji ba tare da ɓoye komai ba.